Haƙora Huɗu na Keziah

"Cije, Mama. Yawwa. Sake cijewa."

Keziah ta cije. Lukuman, ma'aikacin ɗakin haƙori, ya ja da baya ya ƙare wa aikinsa kallo yana murmushi, sannan ya miƙa mata madubi. 'Yarta Leah, wadda ta taso tun daga Kaduna saboda wannan rana, ta leƙo ta bayan kafaɗarta.

"Kai, Mama! Kin koma 'yar shekara talatin."

Keziah ta daɗe tana duban madubin. Haƙoran roba guda huɗu ne a sama, farare tas, a jere, faffaɗa kamar na jaki. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Matar da ke cikin madubin ba ta yi mata kama da kowa ba.

"Na wane ne waɗannan?"

"Naki na, Mama," in ji Lukuman da harshensa na mutanen Argungu. "Ni da kaina na auna bakinki."

"Bakin ka auna, ba ka tambayi mai bakin ba. Nawa masu tsini ne. Ka feƙe mini su."

Leah ta runtse ido. Tun a hanya take fargabar wannan magana.

Wata uku ke nan da ɗan kabu-kabu ya kauce wa akuya a hanyar Dabai ya zubar da Keziah a kan dutse. Ƙafa ba ta karye ba, hannu bai goce ba, amma haƙoranta huɗu na gaba a kan titin suka tsaya. Da na wata tsohuwar ne, da sai a ce Allah ya kiyaye gaba a wuce wurin. Na Keziah kuwa suna da tarihi. Tana 'yar shekara goma sha uku aka sa ta cije kara, wani tsoho ya feƙe su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe, yadda ake yi wa 'yan matan ƙabilarsu ta Lelna a zamanin. Ko ƙwalla ba ta yi ba, kuma har yau in ta ba da labarin sai ta ƙara da wannan. A shekarar da ta biyo, ranar Uhola, bikinsu na kaka, aka yi da wani saurayi ƙasa a filin kokawa. Ya ɗago kai daga cikin ƙura ya ga yarinya tana tuntsira masa dariya da haƙora kamar jerin tsabar shinkafa. Sunansa Japhet. Damina bakwai ya yi yana golmo, wato noman neman aure, a gonar ubanta kafin a ba shi ita.

Wannan Japhet ɗin ne yanzu yake zaune a gida, tsohon soja, hankalinsa yana zuwa yana tafiya tun shekara biyu. Ya manta fasto, ya manta maƙwabta, ya manta 'ya'yan da ya haifa. Keziah kaɗai ta rage masa. Ranar da ta dawo daga asibiti da baki wayam, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, ina matata?" Tun daga ranar ya ƙi karɓar abinci a hannunta. Wai shi mai aure ne, ba ya cin tuwon baƙuwar mace alhali matarsa tana hanya. Sai maƙwabcinsu Mika ya shigo ya lallaɓa shi da labarin yaƙi, sannan ya haɗiyi loma biyu ko uku. Agogon hannunsa, da can yake matse shi, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

"Mama, wanga aiki ba a yin shi haka," Lukuman ya ce cikin ladabi. "Gyaran haƙori munka koyo a makaranta, ba ɓata shi ba."

"To. Hajiyar da na tarar a kujerar nan makon jiya, me ka sa mata?"

"Haƙorin Makka na. Nata ya kwance, na mayar mata."

"Ka lulluɓe lafiyayyen haƙori da ƙarfe. Ita kuma yarinyar nan mai jan gyale da ta roƙe ka ka buɗa mata wushirya, ai ina zaune ka ce ta dawo Laraba."

Lukuman ya sosa ƙeya. "Ai wannan ado na, Mama. Wancan kuwa..."

Ya sunkuyar da kai kan kayan aikinsa.

"Ƙarasa mana, ɗana. Ka ce na arna ne. Na sha jin ta a bakin waɗanda suka fi ka gemu."

"Subhanallahi, ban ce ba."

"Kakarka fa? Da me take ado?"

Bai so ya yi dariya ba, amma ta kufce masa. Ya ce kakarsa har ta rasu ba ta fita biki sai ta goge haƙoranta da furen taba da goro sun yi jawur, kuma in ta ga mace da farin haƙori cewa take yi ƙazama ce marar kula da kanta.

"Ka ji," in ji Keziah. "Da ita ce a kujerar nan, da ka rina mata."

"Mama, don Allah," Leah ta ce a ƙasa-ƙasa. "Mutane suna jira a waje."

"Su jira. Ni ma wata uku na jira."

Amma Lukuman ya kafe. Ya ce in aka feƙe roba ƙarfinta raguwa yake yi, in kuma babban likita ya ga wannan aiki ya fito daga ɗakinsa, za a ce bai san abin da yake yi ba. Yana da gaskiyarsa, yaron. Keziah ba ta ƙara roƙonsa ba, don ba ta iya roƙo sau biyu ba tun tana budurwa. Ta sa yatsa ta zare haƙoran, ta ƙulle su a gefen zaninta kamar goro, ta miƙe.

Har ta kai ƙofa ya kira ta. Bai dube ta ba, wanke hannu yake yi.

"Ni dai ban ce komi ba, Mama. Amma roba ba ta son zahi. Wanda zai goge ta, shi dinga tsoma ta ruwa, kuma shi bi gefe guda, kada shi yi gaba da baya."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Kakarka ta yi jika."

Tun ranar haɗarin Keziah ta rantse ita da babur sai a lahira, don haka a ƙafa suka taka, rana tana dukan tsakar ka. Leah tana biye da ita cikin takalmi mai tsini, tana tsallake kwata tana mita. Da suka zo kwanar gida sai ta ga uwarta ta miƙe ta nufi kasuwa. Ba ta tsaya wurin masu hatsi ba, ba ta amsa kiran 'yan garin Mahuta masu doya ba, sai rumfar Muntaka maƙeri, inda ake wasa adda da lauje.

"Magagari nake so. Ƙarami, mai laushin baki."

"Na wasa wuƙa, Mama?"

"Na wasa abin da ya dame ni."

Muntaka ya dubi bakinta, ya dubi Leah da ta kawar da kai, ya zaɓo ɗan siriri ya ba ta bai ƙara tambaya ba.

A gida suka tarar da Japhet inda suka bar shi, a kujerarsa ta zane a baranda, fuskarsa tana kallon ƙofar gida. Kwanon kunun safe yana gefensa, ya yi sanyi ya kama fata. Ya bi su da ido ya ce, "Sannunku. Ba ku gamu da matata a hanya ba?" Keziah ta wuce ciki. Wata uku tana jin wannan tambaya, kuma kullum sai ta soke ta kamar yau ta fara ji.

Ta ɗebi ruwa a ƙwarya, ta ɗauki ɗan madubinta mai tsaga, ta zauna a kan turmi a gindin mangwaron bayan gida. Ta kwance ƙullin zani.

"Mama, ki bari mu yi magana."

"Ina jin ki. Ba da kunne zan yi aikin ba."

"Likita ya ce ciwon Baba a ƙwaƙwalwa yake. Ba haƙori ba ne. Za ki lalata abin nan a banza, shi kuma yana nan yadda yake."

Keziah ta tsoma haƙoran a ruwa, ta ɗora magagari a gefen na farko, ta ja. Ƙarar ta fito siririya, mai sa tsikar jiki tashi.

"Kuma shekarar dubu biyu da shida muke, Mama. Wa yake yin wannan yanzu? Ko a Dabai ba za ki samu yarinya guda mai feƙaƙƙen haƙori ba. Gwamnati ta hana, coci ya hana, kowa ya waye."

"Na ce a feƙe na jikokina? Nawa ne. A bakina za su zauna."

"Mutane za su yi ta kallonki."

"Ke fa, ba kallon kike nema ba da kika ɗora gashin wata a kanki? Dubi hannunki. Man da kike shafawa ya mayar da fuskarki kamar gwanda, gaɓoɓin yatsu ya bar miki su baƙi ƙirin. Na taɓa ce miki uffan? A bariki, matar Kofur ɗin nan Bayarabiya, mai tsage uku-uku a kumatu kamar kyanwa ta yakushe ta, ita ce kan gaba wajen yi mini dariya. Ni kuma in shiga ɗaki in yi mata tawa. Kowa da abin da uwarsa ta ce masa shi ne kyau."

Leah ta tsaya cak. Da ta sake magana, muryarta ta canja, ta koma ta yarinya.

"Ke ba ki san abin da na sha ba. A makarantar bariki ba a kirana Leah. 'Yar mayya ake ce mini. Wata rana malamin lissafi ya tsayar da ni a gaban aji ya tambaye ni wai da gaske ne mutanenmu suna cin mutum, shi ya sa suke wasa haƙora. Aji duka suka fashe da dariya. Ranar da kika zo karɓar sakamakona, ni ce ta ɗaya, amma a bayan tankin ruwa na ɓuya har kika tafi."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na ga ƙafarki. Ni na saya miki takalmin."

Magagari bai tsaya ba. Keziah ta tsoma, ta ɗaga, ta duba, ta ci gaba da ja gefe guda yadda yaron ya ce.

"Kin taɓa ganin haƙorana a hoto? Je ki ɗauko na aurenki ki duba. Daga ranar tankin nan na fara rufe baki da gefen zani in zan yi dariya. A zumuntar mata ta coci kaina a sunkuye nake waƙa, har ake cewa ina da tawali'u. Ba tawali'u ba ne, ke ce. Shekara ashirin da biyar, Kaduna, Inugu, Ibadan, duk inda aka kai ubanki. Shi kuwa haushi yake ji. Sai ya fizge hannuna ya ce, 'Noman shekara bakwai kike ɓoyewa?' Na yi miki wannan, Leah, ban kuma yi da-na-sani ba, don ke yarinya ce a lokacin. Yanzu kin girma, kina da gidanki da motarki. Mutumin nan da ke baranda shi kaɗai ne bai taɓa ganin aibin bakina ba, kuma yunwa tana cinye shi a gabana. Na gama ɓoyo."

"In bai gane ki ba fa?"

"To bai gane ni ba. Amma ba zan shiga kabari da bakin jaki ba."

Leah ta zauna a kan tushen mangwaron, ta cire takalman da suka ƙuntata mata tun safe. Kaji suka zo suna tsattsagar farin garin robar da ke zuba, suka gane ba tsaki ba ne, suka watse.

Aiki ne mai cin rai. Idon Keziah ba kamar da ba, hannunta kuma yana rawa in ya gaji. Sau biyu magagari ya zame ya kwarzane mata babban yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Ta gama na farko, ta gama na biyu, rana ta karkata. Tana cikin na uku Leah ta yi magana.

"Ba haka yake ba."

"Me?"

"Na hagun nan. Bai kai sauran tsawo ba, kuma tsininsa ya ɗan karkata ciki. Kin mayar da shi daidai da na dama."

Keziah ta ɗago ta dube ta. Ita kanta ba ta tuna ba. Mutum ba ya yawan ganin bakinsa, balle wadda ta yi shekaru tana rufe shi. Amma yarinyar da ta yi ƙuruciyarta tana jin kunyar haƙoran nan, ta san su ɗaya-ɗaya kamar karatun haddarta.

"Kawo," in ji Leah. "Hannunki rawa yake yi, za ki karya shi."

Keziah ta miƙa mata. Leah ta tsoma haƙoran a ƙwarya, ta karkata su ga haske, ta soma ja a hankali da dogayen faratanta masu jan fenti. Hawaye suna sauka a kan hannunta, ba ta share ba, uwar kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Da ta gama ta wanke su, ta goge kaifin da gefen rigarta, ta miƙa.

Keziah ta sa su. Ta cije. Ta ɗaga madubi mai tsaga.

"Yawwa," ta ce. "Sannu da zuwa."

Ba ta yi gaggawa ba. Ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta kaɗa miyar kuka da daddawa yadda yake so, ta wanke fuska ta sake ɗaura kallabi. Sai bayan la'asar ta fito baranda da kwano a hannu. Leah ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

Japhet ya ga kwanon tun kafin ya ga mai kwanon. Ya ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, sau nawa zan gaya miki? Matata tana hanya. Ɗauke abinki."

Keziah ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabansa. Ta buɗe baki za ta yi magana, amma shi ya riga ya kawar da kai. Ransa ya ɓaci, ya dafa hannun kujera zai miƙe ya bar mata wurin, irin miƙewar soja. Ƙafafun suka ƙi. Ya koma ya faɗa cikin zanen kujerar, ƙafa a sama, hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya.

Ba ta shirya ba, dariya ta ƙwace mata. Hannunta ya tashi da kansa ya kamo gefen zani, ya kai rabin hanya. Ta mayar da shi kan cinyarta ta danne, ta bar dariyar ta fito duka.

Japhet ya ture hular. Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, bakinsa a ɗan buɗe, har wani haske ya shigo idonsa wanda Leah ba ta taɓa gani ba. Ya gyara zama, ya ja wuyan rigarsa ya daidaita. Da ya yi magana, da C'lela ya yi, harshen Lelna da suka fara hira da shi.

"'Yar gidan wane ne ke?"

Keziah ta dubi idonsa. Bai gane ta ba. Shekara arba'in da ɗaya na aure, 'ya'ya shida, biyu a ƙasa, duk babu ko ɗaya a idon nan. Ta faɗi sunan ubanta, wanda ya yi shekara talatin a kabari.

"Na san gonarsa," in ji Japhet. "Ta gindin dutse. Akwai wanda yake yi masa golmo saboda ke?"

"Babu."

"Damina nawa yake karɓa?"

"Bakwai."

"Ko goma ce zan yi."

Keziah ta kama hannunsa, ta ɗaga shi, agogon ya zame ya tafi gwiwar hannu. Ta yi tsaki irin na 'yan mata.

"Da wannan hannun? Kai da aka kayar yanzu a gabana? Babana ba ya ba mayunwaci fartanya. Ci in gani tukuna."

Ya dubi kwanon, ya dube ta. Ya sa hannu ya gutsuro tuwo, ya dangwali miya. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, ya ci ta biyar, idonsa bai bar bakinta ba. A bakin ƙofa Leah ta toshe nata bakin da tafin hannu, ta juya ta nufi madafa ɗauko sauran miyar.

"Gobe da sassafe," ya ce da tuwo a baki, "ki gaya wa babanki ina nan tafe."

"Zan gaya masa," in ji Keziah, ta matsar masa da kwanon kusa.